Hoton buki: idon mai kyamara ko aljihun uwar ɗiya?

Yau maganar hoto na kawo muku. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da kuɗin hayar rumfa, wa ke ta hoto? To a yi haƙuri a karanta, domin maganar kuɗi ce, kuma kuɗin naku ne.

Kwanan baya wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Maraɗi ta aurar da ɗiyarta ta fari. Maƙwabciyarmu ce, tun ina ƙarami Inna nake ce mata. Ta ɗauki wani saurayi mai hoto wanda ya yi koyo a Yamai, yaro mai ladabi, mai kyamara mai tsada. Suka yi ciniki jika 60 na kwana uku, ta ba shi jika 30 kafin alƙalami, sauran sai ya kawo aiki. Bayan sati biyu ya kawo albom. Ran nan da la'asar sai ga yarinya an aiko, wai Inna na kira. Na tarar da ita zaune bisa tabarma, albom a gabanta, mai hoto kuma a tsugune can gefe kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta turo mini albom ɗin. "Ɗana, kai da kake magana a rediyo, duba mini. Wannan hoton buki ne ko na zaman makoki?"

Na buɗe. Kusan rabin hotunan baƙi da fari ne. Ga hoton hannun kakar amarya, duk jijiya, riƙe da hannun amarya mai lalle. Ga amarya an ɗauko ta daga baya tana kallon ƙofar gida. Ga yara bisa katanga suna leƙe, ga makaɗi yana zufa, ga tururin tukunya ya rufe fuskar mai tuƙa tuwo. Ni dai tsakani da Allah sun burge ni, har na daɗe ina kallon na kakar nan. Amma Inna sai ta shiga lissafi da yatsu. Ina ankon? Ita ta zaɓi atamfar da kanta, ruwan goro da kore, mata kusan 40 suka ɗinka, kuma a rumfarta aka saya. A baƙi da fari duk sun koma toka-toka, ba ka bambanta su da zanen wanka. Ina jere? Ina hotonta da dangin ango? Ina ƙanwarta da ta taso tun daga Tawa da ciwon ƙafa? A hoto ɗaya tak ta fito, shi ma an dusashe ta can baya kamar hayaƙi.

Mai hoto ya ce, "Hajiya ku yi haƙuri. Jera mutane kamar ƴan lakwal a ɗauke su tsohon yayi ne. Ni abin da nake nema shi ne hoton da zai taɓa zuciya."

Ta ce, "Yaro, zuciyata ni na san abin da ke taɓa ta. Shekara huɗu ina zubin adashe don kayan ɗakin nan, ka zo ka ɗauko mini tururin tukunya?"

Aka ce in raba gardama. Abin da na faɗa a tsakar gidan nan shi zan maimaita a nan, domin na lura rigimar ba ta gidan Inna kaɗai ba ce. Tun da samari suka fara sayen manyan kyamarori suna koyon aiki ta intanet, irin wannan ƙorafi ya yawaita a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har a cikin shirina an sha bugo waya a kansa. Na ce da yaron hotunansa sun yi kyau, amma Inna ta fi shi gaskiya.

Dalilina shi ne, a wurinmu hoton buki shaida ce kafin ya zama ado. Uwar ɗiya tana son abin da za ta nuna bayan shekara 10 ta ce ga gadon da na yi mata, ga jeren kwanoni, ga garar da aka kai, ga wance ta zo, ga wane ya zo. Allah ya kiyaye, in wata rana aure ya samu matsala aka shiga musun abin da aka kai ɗaki, hoton jere yana magana. In dangin ango suka buɗe albom ba su ga kansu ba, ba za su ce mai hoto ne ya manta ba, cewa za su yi uwar amarya ta raina su. Launin zane kuwa, ku da kuke sayar da shi kun fi ni sanin ba ƙaramin abu ba ne. Mace na iya kallon hoton da aka ɗauka tana budurwa ta faɗa maka sunan atamfar, da shekarar da aka yi yayinta, da kuɗin turmi a lokacin. Wanda ya cire launi daga hoton bukin mai sayar da atamfa, ya cire rabin labarin. Sannan buki ba kasuwa ba ce da za a ce in ta ƙi yau a dawo mako mai zuwa. Ranar ta wuce ta wuce.

Ku ɗauki misalin tela. Kin kai masa shaddarki mai tsada kin ce riga da zane da kallabi. Ya dube ta ya ga a ransa doguwar riga za ta fi kyau, ya yanka ya ɗinka. Ko da ɗinkin ya fi na kowa kyau a garin, ya ci amana, domin shaddar ba tasa ba ce. Abin da ya kamace shi tun ranar awo ya ce, Hajiya, wannan yadin da doguwar riga zai fi tashi. In kin yarda to, in kin ƙi ya ɗinka abin da kika ce, ya kuma zuba duk gwanintarsa a cikinsa. Fuskar mutum da ranar bukinsa su ne yadin da aka kai wa mai hoto.

Ni ma a aikina haka abin yake. In aka kawo sanarwar ɗaurin aure da sunayen Alhazai 25, raina ba ya son karanta su duka, na san mai saurare zai gaji. Amma in na kuskura na tsallake suna ɗaya, kafin in fito daga ɗakin watsa shiri salula ta fara ƙara. Wanda ya biya ya san dalilin da ya sa kowane suna, ni ban sani ba. Iyakata in ba da shawara, in kuma karanta da murya mai daɗi yadda ko suna na 25 zai ji an girmama shi.

Samarinmu masu kyamara suna ganin kamar biyan bukatar mai kuɗi yana rage darajar mai fasaha. To bari mu leƙa Bamako, inda aka yi masu hoton da duniya ta fi sani a wannan yanki namu. Seydou Keïta ɗan kafinta ne, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Su wa ke zuwa wurinsa? Irinku ne: ƴan kasuwa, matan gida, ma'aikata, matafiya da suka sauka daga jirgin ƙasa. Ya tanadi kayan aro, rediyo da agogo da alƙalami da kwat da babur, har mota, domin wanda ke so a gan shi da su ya jingina a ɗauke shi. Ya manna hotunan da ya taɓa ɗauka a bango, in ka shigo ka nuna irin tsayuwa ko zaman da kake so. Mace ta zo da zanenta mafi tsada da awarwaronta, shi kuma ya gyara mata zaman hannu, ya karkata mata kafaɗa, ya baje zanen yadda zubinsa zai fito, ya zaɓi labulen da zai rataya a baya, ya jira hasken rana ya daidaita. Abin da take so a gani shi ake gani, amma yadda aka gan shi aikin Keïta ne. A 1991 aka baje wasu hotunansa a birnin New York na Amurka ba tare da an ma san sunan wanda ya ɗauka ba, sai daga baya aka bi sawu har Bamako. A 1994 aka yi masa baje koli a Paris, ya rasu a 2001. Hotunan da ake rataye da su yau a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, na masu biyan kuɗi ne, kuma sun fita daga shagonsa suna murna.

Malick Sidibé ma haka. Da dare yana zagaya wuraren rawar samari da kyamararsa, ya koma ya wanke, ya manna ƙananan samfuri a takarda, da safe waɗanda ya ɗauka su zo su zaɓi wanda suke so su biya. Wanda ba a zaɓa ba, ba a saya ba ke nan. Da wannan aikin ya samu babbar kyautar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na birnin Venis a 2007, kafin rasuwarsa a 2016. Mu ma nan gida mun yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Shi ma da kuɗin waɗanda ke cikin hoton yake cin abinci.

Wanda labarinsa ya fi dacewa da yaron Inna shi ne Samuel Fosso. Ya buɗe shagon hoto a Bangi a 1975 yana ɗan shekara 13. Da rana yana yi wa jama'a hoton takardu da na buki yadda suka ce. In ya tashi rufe shago, ɗan abin da ya rage a jikin fim sai ya juya kyamara ya ɗauki kansa da shi, da irin shigar da ransa ke so, har yana aika wa kakarsa a Nijeriya. Waɗannan hotunan na ragowar fim su suka ɗaukaka sunansa a duniya. Ku duba fa, a zamanin da fim ke da tsada, kowane ɗauka da lissafi, bai taɓa rabon mai kuɗi ba, ragowa ya ci. Yau da kyamara ke ɗaukar hoto dubu a kati ɗaya ba tare da an ƙara ko dala ba, wane uzuri mai hoto ke da shi na ƙin ɗaukar jere? Ka ɗauki jeren, ka jera dangin ango, ka nemo ƙanwar da ta zo daga Tawa. In ka sallami mai buki, ga tururin tukunya nan bai ƙare ba.

To amma kada mata su ce na ba su gaskiya duka. Akwai wurin da nake bayan mai hoto, kuma a nan ne na san zan sha zagi a kasuwa.

Na farko maganar "ƙara mini haske". Duk mai hoton da ka tambaya zai ce maka ita ce kalmar da ya fi ji. A share ƙurji, a share zufa, a gyara inuwar da ta faɗo bisa ido, wannan duk gyara ne, kamar kwalli da hoda. Amma akwai gyaran da in an ƙare shi, uwar da ta haifi yarinya sai ta tambaya wace ce wannan. Baƙa kyakkyawa ta koma fara fat, hanci ya tsaya kamar biro, wuya da fuska ba su san juna ba. Sai dai kafin mu ga laifin matan, a tambayi masu hoton. Da yawa daga masu cewa a ƙara musu haske, an taɓa ɓata su ne. An ɗauke su da dare, ko an tsayar da su rana na bayansu, fuska ta fito baƙi ƙirin sai ido da haƙora. Wannan rashin iya aiki ne. Matsalar ma tsohuwa ce. Shekara da shekaru kamfanin Kodak yana rarraba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, don haka fim ɗin ya fi sanin farar fata. Abin dariya, cikin waɗanda suka matsa aka gyara har da masu sayar da cakulan da kayan katako, domin hajarsu mai duhu ba ta fitowa da kyau a hoton talla. Ashe kukan ɗan kasuwa na da amfani. Gwanin mai hoto a ƙasarmu shi ne wanda ya iya fito da baƙar fata tana sheƙi yadda Allah ya yi ta, ya san ya kai mace inuwa mai haske, ya san safiya da yamma sun fi tsakar rana. In mace ta ga kanta haka, sau da yawa da bakinta za ta ce a bar shi.

In kuma ta gani ta nace fa? Ra'ayina, in hoton na bangon ɗakinta ne, babba ce, fuskarta ce, kuɗinta ne. Ka faɗi gaskiyarka sau ɗaya, ka nuna mata biyun gefe da gefe, ta zaɓa. In ranka bai ɗauka ba, ka faɗa tun kafin ka karɓi kuɗi, ta nemi wani. Amma in hoton zai tafi hannun wani wanda zai yanke shawara a kansa, nan magana ta sauya. Hoton da za a aika wa manemi da ke Libiya ko Abijan ya gani ya turo kuɗin gaisuwa, in aka sauya halitta a cikinsa an yaudare shi, kuma yarinyar ce za ta sha kunyar ranar da ya sauka. Hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa kuwa ba ruwansu da son ran kowa. Hukuma ta faɗi yadda take so, fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa, a kalli gaba, bango ba ado. Wanda ya matsa aka yi masa kwalliya a nan, shi zai yi sahu biyu zuwa ofis.

Na biyu shi ne ya fi shafar aljihunku, wato hoton haja. Yau rabin cinikin wasu mata a salula yake. An sauke kaya daga Kantin Kwari na Kano ko daga Lome, kafin a kwance ɗauri an ɗora su a WhatsApp. Mai saye tana Agadas ko Arlit ko Difa, ta gani ta turo kuɗi, a sa mata a mota. Ba ta taɓa yadin ba, ba ta ɗaga shi a rana ba, hoton nan shi ne idonta da hannunta. To sai ka ga mai kaya ta tsaya bisa kan yaron da ke ɗauka tana cewa ƙara masa wuta, sa shi ya yi ƙyalli. Shadda mai sauƙin kuɗi ta fito kamar gezna, shuɗi mai duhu ya koma ruwan sararin sama. Kaya su isa, a buɗe leda, a bugo waya da zagi. Kuɗin mota zuwa da dawowa a kan wa? Kuma ba ita kaɗai kika rasa ba, duk matan da ke zubin adashe tare da ita sun ji labari kafin magariba. Malamai sun sha faɗa mana hukuncin algus, a sa mai kyau a sama a ɓoye marar kyau a ƙasan tiya. Algus da hoto ma algus ne. Mai hoton da ya ce miki Hajiya wannan ba launinsa ba ne, ba zan ƙara ba, kasuwarki yake tsarewa, ki riƙe shi da kyau.

A nan ma fa masu fasahar suna da nasu shirmen. Na ga wanda aka ba shi turamen atamfa ya ɗauka, ya kai su lungu mai duhu, ya haska gefe ɗaya, ya dusashe sauran, wai salo. Hoto ya yi kyau, zane bai fito ba. Mai saye ba salo take nema ba. Tana son ta ga zubin zanen daga farko har inda ya maimaita, ta ga rubutun bakin zane, ta ga girman fure kusa da tafin hannu. A shimfiɗa a inuwa da hantsi, kada a ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja ko mai shuɗi, a ajiye farar takarda a gefe, in takardar ta fito fara a hoto to launin zanen ma bai yi nisa da gaskiya ba. Wannan ko da salularki kike ɗauka zai yi miki amfani.

Sai kuma halinmu na ciniki. Mu faɗi gaskiya, ɗan kasuwa in ya tashi sayen aikin hannu ba ya tausayi. A taya aikin kwana uku kamar ana taya tumatirin yamma, a ce ai dannawa ce kawai. Ba a ganin kuɗin kyamara da ake shigowa da ita daga waje, ba a ganin takarda da tawada, ba a ganin daren da yaro zai kwana gaban kwamfuta yana tace hoto ɗari biyar yana addu'a kada wuta ta ɗauke. An biya kuɗin hoto 50, ana son 200. An kawo aiki, yau a ce sauya wannan, gobe ƙanwar miji ta zo ta ce sauya wancan, jibi a ce sai bayan kasuwa za a cika kuɗi, daga nan sai an ga wata. Ku da kanku in kun yanka yadi ba ku karɓarsa in an dawo da shi. Wanda ya matse mai hoto a kuɗi, kada ya yi mamaki in ya aiko masa yaron shago da ƙaramar kyamara. Kuma duk wanda ya zaɓi mai hoto don ya ga aikinsa ya burge shi, to ya bar shi ya yi aikin. Kin faɗi waɗanda za a ɗauka da abin da za a ɗauka, wannan naki ne. Inda za a tsaya, ta ina haske zai shigo, a durƙusa ko a hau kujera, wannan nasa ne. Mai hoto goma a buki ɗaya, kowace gwaggo na ba da umarni, shi ke sa a fito ana runtse ido a rana.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan zafi, kuma a kansa ba ni da sassauci. Mai hoto ya ɗauki amarya, kafin albom ya iso gidan ubanta hotonta na yawo a Facebook da TikTok, da sunan shagonsa rubuce ƙato bisa ƙirjinta, wai talla. Wa ya ba ka izini? A garuruwanmu akwai matan kulle, akwai mazajen da ko ƙaninsu ba su yarda ya ga matarsu da kwalliyar daren buki ba. An shigar da kai cikin gida har ɗakin mata saboda amana. Hoto ɗaya na iya kashe auren sati biyu, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. Na san masu hoto za su ce aikinsu ne, suna da haƙƙi a kansa, akwai ma hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a Yamai. Ban musa ba, kuma ba daidai ba ne wani shago ya kwashi aikinka ya ce nasa ne. Amma haƙƙinka bisa aikinka bai ba ka fuskar matar mutane ka yi allon talla da ita ba. Ka tambaya, in an ce a'a ka haƙura. Masu hoton dā a bayan hoto suke buga hatiminsu, kuma har yau in ka juya hoton auren iyayenmu za ka ga sunan shagon. Ba su rasa masu zuwa ba.

Duk rigimar gidan Inna, da an yi zaman rabin awa kafin buki da ba a yi ta ba. Ita ba ta tambaye shi ya nuna mata aikin da ya taɓa yi ba, ta ji an ce daga Yamai ya koyo, shi ke nan. Shi kuma bai tambaye ta me take so ba, ya ɗauka duk wanda ya kira shi ya san salonsa. Aka yi cinikin kuɗi aka manta cinikin aiki. Ku da ba ku sayen buhun gero sai kun soka hannu kun duba ƙwaya, don me za ku sayi aikin hoto a rufe? A ce ya kawo albom ɗin wani bukin a gani. A faɗa masa baki da baki, ga waɗanda dole su fito, ga kayan da dole a ɗauka, mai launi muke so, kada a sauya fatar kowa ko kuma a ɗan gyara, guda nawa za a wanke, guda nawa za a turo a salula, yaushe za a kawo, kuma ko an yarda ya nuna wa duniya ko ba a yarda ba. A samu ɗan lakwal ya rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa. Ranar buki kuma a haɗa shi da mace ɗaya ta gida wadda ta san dangi, ta riƙa nuna masa wannan gwaggon ango ce, waccan ita ta yi renon amarya. Baƙo ba ya sanin wace tsohuwa ce in aka manta da ita za a yi shekara ana gaba.

Shi kuma mai hoto ya buɗe baki tun a zaman nan ya ce, Hajiya, in na ƙare naku zan ɗauki wasu irin nawa, in kun gani kuna so ku ɗauka, in ba ku so ba ku biya ba. Ban taɓa jin wadda ta ƙi wannan ba.

Yadda muka ƙare a gidan Inna kuwa, Allah ya taimaka yaron bai goge katinsa ba, kuma kyamarar zamani da launi take ɗauka, shi ne ya mayar da su baƙi da fari a kwamfuta. Ya koma ya sake wanke na ankon da launinsu, da kuɗinsa. Jere dai bai ɗauka ba sam, sai da aka nemi izinin ango aka je ɗakin amarya bayan sati uku aka ɗauka, lokacin har an fara girki da wasu kwanonin. Ƙanwar Inna ta riga ta koma Tawa, nata ya wuce. Inna ta cika masa jika 20 cikin 30 da suka rage, ta ce sauran goman kuɗin motar ƙanwarta ne. Ya karɓa bai ce komai ba. Hoton hannun kakar kuwa amarya ta ce a bar mata, shi ne yanzu a fuskar salularta. Inna har gobe in ta gan shi sai ta ce ita dai ba ta ga abin kallo a hannun tsohuwa ba.

Na haɗu da yaron ranar Juma'ar da ta wuce a bakin kasuwa, bisa kabu-kabu, da albom biyu a jaka, ɗaya mai launi ɗaya baƙi da fari. Ya ce wata mai sayar da turaren wuta ce ta kira shi bukin suna, zai kai mata ta zaɓa.